Hoton kalanda da tambayar da yarinya ta yi a kan kyan Mai Ceto

Malamar Makarantar Lahadi:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Na kawo muku wata tambaya da ta fi ƙarfina, kuma wadda ta yi mini ita ba ta wuce shekara 9 da haihuwa ba. Ranar Lahadin da ta gabata muna nazarin Ishaya sura 53 da 'yan ajina domin shirin Ista, na karanta musu aya ta 2, inda annabi ya ce Bawan Ubangiji ba shi da wata siffa ko kwarjini da za su sa a dube shi, ba shi kuma da kyan da zai sa a yi sha'awarsa. Ban rufe baki ba sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta nuna tsohuwar kalandar da ke rataye a bangon aji, wadda shekararta ta daɗe da wucewa amma aka bar ta saboda hoton da ke jikinta, ta ce, "Malama, to wannan kyakkyawan Baturen mai gashi har kafaɗa wane ne?" Yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa na ce mata za mu yi maganar mako mai zuwa, wadda dai kun sani amsar wanda aka ƙure ce.

Da na koma gida na buɗe Zabura 45:2, sai na tarar ana ce wa Sarkin ya fi dukan 'yan adam kyau, kuma tun ina ƙarama an koya mini cewa zaburar nan a kan Almasihu take magana. To, yaya zan haɗa ayoyin nan biyu a gaban yara ba tare da na yi musu ƙarya ba, kuma me zan yi da kalandar?

Ɗalibin Tauhidi:
Malama, yarinyar nan ta fi mu duka lura. Abin da ya kamata a fara faɗa wa yara shi ne, babu ko aya guda a Matiyu, Markus, Luka ko Yahaya da ta bayyana tsawon Yesu, ko launin fatarsa, ko irin gashinsa. Wannan shirun ba na mantuwa ba ne, domin Littafi Mai Tsarki ya iya siffanta mutum in ya ga dama. Ya gaya mana Saul ya ɗara kowa tsawo daga kafaɗa zuwa sama. Ya gaya mana babu wanda ake yabo da kyau a dukan Isra'ila kamar Absalom, har nauyin gashin da yake askewa sau ɗaya a shekara an rubuta, shekel 200. Mun san Zakka gajere ne, mun san tufar Yahaya Maibaftisma ta gashin raƙumi ce. Da aka zo kan Mai Ceto kuwa, marubutan suka yi shiru. 'Yan alamun da muke da su biyu ne: matar nan ta Samariya tana ganinsa a bakin rijiya ta gane Bayahude ne, sannan a daren da aka kama shi sai da Yahuza ya sumbace shi kafin masu kamun su bambanta shi da almajiransa.

Hoton da ya cika kalandunmu, yawancinsa ya samo asali ne daga zanen da wani mutumin Chicago a Amurka mai suna Warner Sallman ya yi a 1940, aka yi ta buga shi ana rabawa har ya zagaye duniya. Ba hoton Yesu ba ne, tunanin mai zane ne. Shawarata a sauke shi yau, kada yaranmu su tashi da zaton cewa ceto yana da launin fata.

Dattijon Ikilisiya:
Ɗana, karatunka ya yi kyau, Allah ya ƙara basira, amma ka yi saurin kai hannu ga bango. Mahaifiyata ba ta san harafi ko ɗaya ba har ta koma ga Ubangiji, kuma irin hoton nan yana rataye a ɗakinta kusa da kwanukan jerenta. Ban taɓa ganin ta durƙusa masa ba, ban kuma taɓa jin ta ce Yesu Bature ne ba. In ka tambaye ta wane ne Yesu, labarin ƙanenta za ta ba ka, shi zan ba ku yanzu.

Waɗanda suka san tarihin bishara a ƙasar Hausa sun san cewa tun daga shekarun 1930 mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission, ta riƙe wuraren jinyar kutare, kamar Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, kuma da yawa cikin masu bi na farko daga irin wuraren nan suka fito. Kawuna ya yi jinya a ɗaya daga cikinsu. Kafin a kai shi, an yi masa bukka a bayan gida, an ware masa ƙwaryarsa, tuwo ma daga nesa ake tura masa, ba don ba a ƙaunarsa ba sai don tsoro. Ya ce ranar da ya isa wurin jinya, wani mai wankin miki, wanda shi ma a can ya warke, ya ɗauki ƙafarsa ya ɗora a kan cinyarsa ya fara wankewa, yana masa hira kamar ba kome. Kawu ya ce ya yi shekara 6 hannun mutum bai sauka a jikinsa ba, sai kuka ya ƙwace masa. Da yamma a wurin addu'a aka karanta labarin kuturun nan na Markus sura 1, ya ce ba sai an yi masa bayani ba.

Ku duba wurin da kyau. Littafin Firistoci 13:45-46 ya ce mai irin cutar nan ya zauna shi kaɗai a bayan zango, yana kira cewa shi marar tsarki ne. Yesu kuwa ba ya bukatar taɓa mutum kafin ya warkar da shi. A Matiyu sura 8, nan da nan bayan labarin kuturun, ya warkar da yaron hafsan sojan Roma daga nesa da magana kawai, haka kuma kutare 10 na Luka sura 17 suna cikin tafiya suka tsarkaka. To, me ya sa ya miƙa hannu ya taɓa wannan? A ganina mutumin yana bukatar taɓawar kamar yadda yake bukatar warakar. Ƙarshen Markus sura 1 kuma ya ce, saboda labarin ya bazu, Yesu bai ƙara iya shiga gari a fili ba, sai ya zauna a waje inda ba kowa. Kuturu ya koma cikin gari, shi kuwa ya koma bayan gari. In ana neman kyansa, ni a nan na fara ganinsa.

Fasto:
Baba, mun gode, Allah ya ƙara maka lafiya. Malama, kada ki ji kunyar cewa yarinya ta ƙure ki, domin tambayar nan ta raba manyan malaman ikilisiya tun ƙarnonin farko, kuma da dama cikinsu 'yan nahiyarmu ne. Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, wanda ya yi rubuce-rubucensa wajen shekara ta 200, ya ɗauki maganar Ishaya a zahirinta, ya ce jikin Ubangiji ba shi da wani kyau na a zo a gani. Wani mai sukar bangaskiya da ake kira Selsus ya yi ba'a da cewa ai an ce Yesu ƙanƙane ne marar kyan gani, Orijin na Iskandariya ya rubuta masa amsa. Waɗansu kuma suka riƙe Zabura 45, suka ce dole akwai wani kwarjini a fuskarsa da ya sa masunta suka bar tarunansu suka bi shi da kira ɗaya.

Wanda na fi gamsuwa da maganarsa shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430. Da yake wa'azi a kan wannan zabura, bai zaɓi aya ɗaya ya jefar da ɗaya ba. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, ga mai bi Almasihu kyakkyawa ne a sama, kyakkyawa ne a hannun iyayensa, kyakkyawa ne yana al'ajibai, kyakkyawa ne ana masa bulala, kyakkyawa ne a kan gicciye da cikin kabari, domin kyan da ake nufi adalci ne da ƙauna, waɗanda bulala ba ta iya ɓatawa.

Zaburar da kanta tana goyon bayan wannan fahimta. Ibraniyawa 1:8-9 ta ɗauko ayoyinta ta ce da Ɗan ake, saboda haka abin da aka koya miki kina ƙarama daidai ne. Amma ki ƙarasa karanta aya ta 2: bayan an ce ya fi 'yan adam kyau, hujjar da aka kawo ita ce alherin da aka zuba a leɓunansa, ba hanci ko ido ba. A Luka 4:22 kuwa mutanen Nazarat sun yi mamakin maganganun alheri da ke fitowa daga bakinsa. Ishaya kuma, in kin koma 52:14, yana kallon mutumin da aka ɓata wa kamanni da duka har ba a gane shi. Mutum ɗaya ne, annabi ya hango abin da aka yi wa jikinsa, mai zabura ya ji abin da ya fito daga bakinsa.

Mai Kiwo:
Ina gaida iyaye. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, tumaki da awaki nake kiwo, amma akwai ayar da kullum nake tsayawa a kanta, inda Yesu ya ce shi ne makiyayi mai kyau. Duk wanda ya taɓa bin garke ya san makiyayi ba ya kyan gani. Ƙafa duk faso ne da kaushi, riga tana warin dabba, rana ta ƙone fuska, ƙarangiya ta cika wando. Amma in muka ce wane makiyayi ne mai kyau, kowa ya san abin da muke nufi: dabbobinsa sun ƙoshi, ya san wadda ke ɗingishi tun kafin ta kwanta, kuma in tunkiya ta haihu a daji shi yake saɓo ɗan a kafaɗa, jini da ruwan haihuwa suna ɓata masa riga. Na taɓa ɗaukar yaron haya wata damina, da hadari ya taso ya gudo gida ya bar mini dabbobi a fadama, sai da na kwana ina nema da tocila. Tun daga ranar ba na bukatar a fassara mini Yahaya sura 10.

Ɗalibin Tauhidi:
Yayana, ka taɓa wani abu da ni sai a aji na koye shi. Kalmar Helenanci da ke Yahaya 10:11 ita ce "kalos", kuma tana ɗauke da ma'ana biyu a haɗe, abin da yake nagari da abin da yake da daɗin kallo. Hausa ta yi dace a nan, domin kalmarmu "kyau" haka take: mukan ce yarinya tana da kyau, mu kuma ce abin da wane ya yi ya yi kyau. Ayar kuma ta faɗi abin da ya sa makiyayin yake da kyau, wato yana ba da ransa domin tumaki. Na karɓi gyaran Baba a kan gaggawata, amma ban janye maganata a kan hoton ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Salama. Maganar Baba ta sa ba zan iya yin shiru ba. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin mata masu yoyon fitsari, kuma abin da ya fi ciwon kansa cin rai shi ne yadda mace take koyon ɓoye kanta. Za ta zauna a ƙarshen benci, ta tattare zane, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa, domin ta saba ganin mutane suna toshe hanci. Duk lokacin da na karanta labarin matar nan ta Markus sura 5, wadda ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da dukiyarta wajen masu magani abin sai gaba yake yi, fuskokinsu nake gani. Ta bayansa ta bi, ta taɓa rigarsa a ɓoye, ta warke, kuma da ya ƙyale ta da ta sulale ta tafi da lafiyarta. Bai ƙyale ta ba. Yayirus, shugaban majami'a, yana tsaye 'yarsa tana bakin mutuwa, amma Yesu ya tsaya yana waiwaye har matar ta fito tana rawar jiki ta faɗi dukan gaskiya. Da farko nakan ga kamar ya tona mata asiri ne. Daga baya na gane cewa da ta tafi a ɓoye, da jikinta kaɗai ya warke, gari kuwa zai ci gaba da gudunta. A gaban taron ya kira ta 'yarsa, kuma ita kaɗai ce macen da aka rubuta ya kira da wannan suna a cikin Bisharu.

A kan hoto kuwa, ba duka zane ne irin na kalanda ba. Akwai wanda wani mai zane Bajamushe, Matthias Grünewald, ya yi tsakanin 1512 da 1516 domin wani gidan jinya a Isenheim, a yankin Alsas na Faransa ta yau, inda ake kula da masu munanan cututtukan fata. Ya zana Yesu a kan gicciye jikinsa duk miki da tsaga, yatsunsa sun ƙanƙame, yadda majinyacin da ya ɗaga ido zai ga fata irin tasa. Ba zan rataye shi a ajin yara ba, domin zai hana su barci, amma ya fi kusa da Ishaya 53 nesa ba kusa ba.

Shugaban Matasa:
Iyayena, ku yi mini haƙuri, zan ɗan saɓa. Tun da aka fara zancen nan tausayi kawai ake ta ambata, har ina tsoron kada mu sauke hoton mai laushin fuska daga bango mu rataye wani mai laushin hali a zukatan yara. Yesun da nake karantawa ya tufka bulala da igiya ya kori masu ciniki daga Haikali, ya ce wa malaman Attaura da Farisiyawa fararen kaburbura a Matiyu sura 23, ya kira Hirudus yanyawa. A ma'aunin da aka raine mu da shi, mutumin kirki shi ne mai kunya da kara da kawaici, wanda ba ya kunyata babba a bainar jama'a, balle mai masaukinsa. Yesu kuwa an gayyace shi cin abinci gidan Bafarisiye a Luka sura 11, yana zaune a kan abincin mutum ya fara jero masa kaito. In wani saurayi ya yi haka a garinmu, cewa za a yi ba shi da tarbiyya. To, wannan ma yana cikin kyan da ake magana, ko kuwa tsallake shi za mu yi saboda ba ya shiga waƙa?

Uwar Zumuntar Mata:
Ɗana, ba za a tsallake shi ba, kuma na ji daɗi da ka kawo shi. Amma ka duba a kan wa yake ajiye kara. Ka je Luka sura 7, gidan Saminu Bafarisiye. Mace ta shigo wadda duk gari ya san tarihinta, tana kuka tana jiƙa ƙafafunsa da hawaye tana shafewa da gashinta, mai gida kuwa yana raina ta a zuci, yana raina baƙonsa tare da ita. Da Yesu ya yi kara irin tamu, da ya janye ƙafarsa a hankali, ya yi kamar bai gani ba, a tashi lafiya da mai gida, matar kuma ta fita da kunyar da ta fi wadda ta shigo da ita. Sai ya juya wajen matar yana magana da Saminu, ya lissafa masa: ba ka ba ni ruwan wanke ƙafa ba, ba ka sumbace ni ba, ba ka shafa mini mai a ka ba. Mu mata mun san irin karar da ake yi wa mai ƙarfi a bar marar ƙarfi da hawaye. Na sha zama a wurin sasanta ma'aurata inda kowa ya san mai laifi, amma saboda babban mutum ne sai a juya a ce wa matar ta yi haƙuri. Ranar da na ga wani dattijo ya dubi irin wannan mutum ya gaya masa gaskiya cikin natsuwa, ban ga rashin tarbiyya ba, na ga abin da ya yi kama da Ubangijina.

Ni dai ayar da na fi so a kansa ita ce Waƙar Waƙoƙi 5:16, inda amarya ta gama siffanta ƙaunataccenta ta ce dukansa abin so ne. Dukansa, har da bulalar.

Fasto:
Mama ta faɗi abin da ya fi wa'azina. Ƙarin bayani kaɗan a kan ayar da ta kawo, domin Malama za ta tsaya gaban yara: Waƙar Waƙoƙi tun asali waƙar ƙauna ce tsakanin miji da mata, ikilisiya kuma ta daɗe tana karanta ta a kan Almasihu da amaryarsa bisa ga Afisawa sura 5. Wannan karatu yana da tushe, sai dai kada a ɗauki baƙin gashi da sauran siffofin da ke surar a ce ga kamannin Yesu.

Ɗan'uwana shugaban matasa, akwai wani wa'azi na Jonathan Edwards, mai wa'azin Amurka, da aka buga a 1738 a kan Wahayin Yahaya 5:5-6, wanda ya tsaya daidai kan tambayarka. An ce wa Yahaya ya duba ga Zaki na kabilar Yahuza, da ya waiwaya sai ya ga Ɗan Rago tsaye kamar an yanka shi. Abin da Edwards ya jawo daga nan shi ne, darajar Almasihu tana cikin haɗuwar halayen da a wurinmu ba sa zama a mutum ɗaya. Mu in muna da zafi sai mu rasa tausayi, in muna da sanyi sai mu rasa gaskiya. Markus 3:5 ya ce ya dube su da fushi yana baƙin ciki saboda taurin zuciyarsu, fushi da baƙin ciki a kallo ɗaya, kuma abin da fushin ya haifar shi ne shanyayyen hannu ya miƙe. Ko a Haikali, yadda Yahaya ya ba da labarin, ya kori shanu da tumaki, ya watsar da kuɗin 'yan canji, amma masu tattabaru magana ya yi musu su kwashe kayansu. Kuma warkarwa ta ƙarshe da ya yi kafin gicciye, kunnen bawan babban firist ne, mutumin da ya zo cikin masu kama shi.

Shugaban Matasa:
Na gamsu da rabin maganar, Baba Fasto. Abin da ya rage mini shi ne yadda mu za mu gane lokacin bulala da lokacin shiru, tun da shi ya san zuciyar mutum mu kuwa ba mu sani ba. Zan kawo wannan a taronmu na matasa, kada in janye zancen daga tambayar Malama.

Dattijon Ikilisiya:
Mu da muka tashi da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 mun saba cewa Yohanna a maimakon Yahaya, ku yi mini uzuri in bakina ya koma can. Akwai abu ɗaya da ban ji an ambata ba, wato tabo. Bayan tashinsa daga matattu, jikin da kabari bai iya riƙewa ba ya fito da gurbin ƙusoshi a hannu da gurbin mashi a kwiɓi, har ya ce wa Toma ya kawo yatsansa ya sa. Wanda ya mayar da kunnen da aka sare ba zai kasa shafe tabonsa ba, barinsa ya yi. Kawuna ya warke amma yatsunsa uku ba su dawo ba, kuma a wurin Jibin Ubangiji da dungulmin hannun nan yake karɓar gurasa. Yakan ce ba ya jin kunyar miƙa shi, tun da wanda ya kira shi cin abincin ma hannunsa ba lafiyayye ba ne.

Sannan ku karanta Yohanna sura ta 21. Bitrus ya yi musun saninsa sau 3 yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist. Da gari ya waye a bakin Tekun Galili, bayan almajiran sun kwana ba su kama kome ba, suka tarar da wata wutar gawayi, da kifi a kai da gurasa. Yesu bai fara da tambaya ba, sai da suka ci suka ƙoshi, sannan ya tambayi Bitrus sau 3 ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa. Na yi shekara fiye da 30 ina zaman horon masu laifi a ikilisiya, ban tuna ranar da muka fara da ba mutum abinci ba.

Malamar Makarantar Lahadi:
Iyayena da 'yan'uwana, na gode ƙwarai, ga yadda ta kasance jiya. Na gaya wa yaran gaskiya cewa babu wanda ya san kamannin fuskar Yesu, cewa Bayahude ne mutumin Galili ba Bature ba, kuma hoton kalanda zanen wani mutum ne da ya yi shi daga tunaninsa. Sannan na ba su labarin kuturun kamar yadda Baba ya kawo shi, na sa yaro ɗaya ya zauna can bakin ƙofa shi kaɗai, sauran suka ja da baya, na tambaya wa zai je ya kama hannunsa. Sun daɗe suna kallon juna kafin wani ƙaramin yaro ya tashi. Yarinyar da ta fara tambayar ta sake ɗaga hannu, ta ce, "Malama, shi Yesu bai ji ƙyama ba?" Na ce mata Markus ya rubuta tausayi ne ya kama shi. Ta yi shiru, sannan ta ce kakarta tana da ciwon ƙafa mai wari, kuma ita ce ake aika ta kai mata ruwa.

Maganar kalanda kuwa, na ɗaga ta da niyyar saukewa kamar yadda ɗan'uwanmu ɗalibi ya ba da shawara, sai na tarar ashe wani babban rami take rufewa inda filasta ta zube, har ƙadangare ya yi gida a ciki. Na mayar da ita wurinta tukuna. Baba Dattijo, in kun zauna taron dattawa ranar Asabar, a taimaka a sa mana rabin buhun siminti cikin lissafi.